GIWAN RUWA DA ƘAZANTAR TABKIN BIKTORIYA: WA KE DA LAIFI?

A farkon shekara ta 2021 mutanen da ke zaune a bakin Tabkin Biktoriya, ta wajen garin Entebbe cikin ƙasar Uganda, suka wayi gari suka tarad da giwan ruwa matattu jibge a gaɓa. Kwana da kwanaki igiyar ruwa tana ta turo su, har wari ya hana mutane sakat. Da fari jama'a suka ɗauka guba wani ya zuba. Amma da ma'aikatan Gwamnatin Uganda masu kula da sha'anin kifi suka bincika, sai suka ba da sanarwa cewa babu guba, iskar shaƙa ce ta ƙaranta cikin ruwan, watau kifin ya shaƙe ne yana cikin gidansa. Ba a jima ba, cikin 2022, irin wannan hasara ta auka wa masu kiwon karfasa cikin keji a gefen Kisumu ta ƙasar Kenya. Kifin da suka yi wata da watanni suna ciyarwa ya mutu musu cikin 'yan kwanaki.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwanmu da tabkin da ke can Gabashin Afirka? To, wannan kifi da a ke magana a kansa shi ne giwan ruwan nan da muka sani a Kwara da Binuwai da Tabkin Cadi, wanda masunta ke fahariya da shi ran bikin su na Argungu. A nan ɗan gida ne. A can kuwa baƙo ne, hannun mutum ya kai shi, kuma shekara da shekaru ke nan duniya tana ɗora masa laifin lalacewar tabkin. Mu dai a ganinmu an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Giwan ruwa ya yi ɓarna, ba mu musa ba. Amma yana da abokin laifi wanda ya riga shi fara aiki, wanda kuma yanzu ya juyo kansa, shi ne ƙazantar da mutane ke turawa cikin ruwa. Abin da za mu yi ƙoƙarin bayyana wa masu karatu ke nan.

TABKIN DA MAZAUNANSA

Tabkin Biktoriya shi ne mafi girma a Afirka duka. Faɗinsa ya ɗara murabba'in mil 26,000, ƙasashe uku kuma suka raba shi: Tanzaniya ke da wajen rabi, Kenya kashi 6 cikin 100, saura na Uganda. Baturen nan mai yawon gano ƙasashe, John Speke, shi ya sa masa sunan Sarauniyar Ingila cikin 1858, ko da ya ke mutanen wurin suna da nasu sunaye tun kaka da kakanni. Duk da faɗinsa ba shi da zurfi ƙwarai, gama inda ya fi zurfi wajen ƙafa 270 ne, galibinsa kuwa wajen ƙafa 130. Mafi yawan ruwansa ruwan sama ne da ke sauka a kansa, mafi yawan abin da ya ke rasawa kuma rana ce ke shanyewa. Ƙofar fita guda ɗaya gare shi, a garin Jinja, inda Kogin Nilu ke fita daga cikinsa. A lura da wannan da kyau, domin shi ne tushen wahalar. Rana tana ɗauke ruwa, amma ba ta ɗauke datti. Masana sun lissafta cewa kafin ruwa kwatankwacin cikar tabkin ya fice ta wannan ƙofa sai an yi shekara fiye da 100. Ashe abin da aka zuba yau, jikoki ne za su tarad da shi.

Abin da ya sa tabkin ya yi suna wurin masana shi ne waɗansu ƙananan kifaye dangin karfasa, waɗanda mutanen Tanzaniya ke kira furu. Galibinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba, amma irinsu ya haura 500, kuma kusan dukansu ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Kowane iri da sana'arsa. Wani gansakuka ya ke kankara daga jikin duwatsu, wani katantanwa ya ke fasawa, wani ƙwari ya ke kamawa, wani kuma ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasa ya ke ci. In an ce su ne masu sharar tabkin ba a yi kuskure ba. Banda su akwai karfasar wurin mai suna ngege, wadda ita ce kifin kasuwa a da, da tarwaɗa, da gaiwa, da sauransu.

YADDA BAƘO YA SHIGO

Cikin 1901 jirgin ƙasa ya iso Kisumu daga bakin teku, ba da daɗewa ba kuma aka kawo kalli na zaren ƙasashen waje. Kifi ya sami hanyar kasuwa, masunta suka dage, ngege ta fara raguwa. Sabo da haka Gwamnatin Ingila, wadda ke mulkin ƙasashen nan uku a lokacin, ta aiko wani masani, Michael Graham, ya auna tabkin cikin 1927 da 1928. Tun a sa'an nan akwai masu shawarar a kawo wani babban kifi ya cinye furu, tun da ya ke furu ƙanana ne masu ƙaya, ba su da daraja a kasuwa, don a mai da su tsoka mai kuɗi. Graham ya yi gargaɗi cewa yin haka ba tare da dogon bincike ba yana da hatsari ƙwarai.

Gargaɗin ya tsaya cikin takarda. Masu binciken tarihi sun nuna cewa daga 1954 waɗansu ma'aikata a Uganda suka fara jefa giwan ruwa cikin tabkin a ɓoye. Cikin 1960 wani masani, Geoffrey Fryer, ya sake jan kunne, amma a shekarar nan ce aka fara kama kifin a kusa da Jinja. Masu son abin suka ce ai tun da ya riga ya shiga sai a ƙara, aka kuwa ƙara a fili cikin 1962 da 1963. A cikin shekarun nan na 1950 kuma aka zuba waɗansu irin karfasa baƙi, har da karfasar Nilu, don su maye gurbin ngege.

Sai aka ji shiru. Da aka auna kifin tabkin tsakanin 1969 da 1971, in an ɗora abin da taru ya jawo daga ƙasa a ma'auni, furu ne wajen kashi 80 cikin 100, giwan ruwa kuwa bai kai kashi 1 ba. Amma da shekarun 1980 suka kama sai abu ya juye kamar ƙiftawar ido. Giwan ruwa, wanda ya kan kai tsawon ƙafa 6 da nauyin kilo 200, ya cika tabkin, furu suka koma 'yan kaɗan. Masanan Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, waɗanda ke aiki a sashen Mwanza tun 1977, da idonsu suka ga irin da suka saba kamawa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. An ƙiyasta iri wajen 200 ne suka shuɗe ko suka kusa. Nan fa duniya ta ce ga mai laifi.

Amma akwai tambayar da ta kamata a yi. Me ya sa baƙon nan ya zauna shekara ashirin da ɗoriya ba a jin ɗuriyarsa, sa'an nan ya tashi gaba ɗaya?

ABIN DA LAKA TA FAƊA

Lakar da ke ƙasan tabki kamar littafi ce, kowace shekara tana shimfiɗa shafinta a kan na bara. In aka soka bututu aka ciro ta, a kan karanta abin da ya wuce daga ragowar ƙananan halittun da ke ciki. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Dirk Verschuren, da abokan aikinsa sun yi haka, suka bayyana abin da suka gani cikin 2002. Gansakuka ta fara ƙaruwa tun wajen 1930, daidai da ƙaruwar mutane da gonaki a kewayen tabkin. Ruwan can ƙasa kuma ya fara rasa iskar shaƙa tun farkon shekarun 1960, watau wajen shekara 20 kafin giwan ruwa ya yi ƙarfi. Har wa yau, da aka gwada awon da Jack Talling ya yi cikin 1960 da 1961 da wanda Robert Hecky ya yi bayan shekara 30, sai aka ga gansakuka ta ninka, irinta ma ya sake, mai kore da shuɗi wadda kifi ba ya jin daɗin ci ta rinjayi ta da.

Daga ina ƙazantar ta ke fitowa? A wajen 1930 mutanen da ke zaune a ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin tabkin ba su kai miliyan 5 ba, yanzu kuwa sun haura miliyan 40. An sare dazuzzuka an yi gonaki, ruwan sama yana wanke ƙasa da taki, koguna irin su Kagera da Nzoia da Nyando da Mara suna kwasowa. Biranen Kampala da Kisumu da Mwanza sun yi girman da magudanansu ba su iya ɗauka ba, yawancin gidaje ba su haɗe da wurin tace najasa. A Kampala babban lambatun nan na Nakivubo yana zuba a lungun tabkin da birnin ke ɗiban ruwan sha. Ga ma'aikatun sukari da na giya da na jima da na gyaran kifi. Ga kuma wata hanya da mutum ba zai zata ba: ƙunar daji. Toka da ƙura da iska ke ɗauka suna sauka a kan wannan faffaɗan ruwa, kuma bincike ya nuna babban rabo na sinadarin fosfaras da ke shiga tabkin ta sama ya ke zuwa.

Yadda abin ke kashe ruwa ba shi da wuyar ganewa. Taki a gona alheri ne, gama shi ke sa shuka ta yi kyau. In ya shiga ruwa aikin nan nasa ya ke yi, sai dai gansakuka ya ke ciyarwa. Ta yi yawa, ruwa ya yi kore, haske ya kasa ratsawa. In ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruɓewar kuwa tana cin iskar shaƙar nan da masana ke kira oksijin, wadda kifi ke rayuwa da ita. Ruwan sama-sama da rana ke dafawa ba shi da nauyi, sai ya zauna a kan mai sanyi na ƙasa, su yi watanni ba su gauraya ba, na ƙasan ya zama matacce. Ran da iska mai ƙarfi ta dama tabkin, mataccen ruwan nan ya taso, duk kifin da ya rutsa da shi sai ya shaƙe. Abin da mutanen Entebbe suka gani ke nan.

SAI BANGO YA TSAGE

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta hanya uku ƙazanta ta tsaga wa giwan ruwa bango.

Ta fari, furu masu kiwo a ƙasan tabki sun rasa mazauni. Akwai lokacin da kusan rabin ƙasan tabkin ke zama ba iska har tsawon watanni. Dole su hauro sama su cunkushe, inda mai farauta ke jiransu.

Ta biyu ta fi ban mamaki. Macen furu da ido ta ke zaɓen miji, ta launin jikinsa, wani ja, wani shuɗi, wani rawaya, da haka kowane iri ya ke tsare kansa. Cikin 1997 Ole Seehausen da abokan aikinsa suka nuna cewa inda ruwa ya gurɓace mace ba ta iya rarrabe launi, sai iri ya cuɗe da iri, launin ya dushe, iri biyu ko uku su narke su zama ɗaya. Ashe akwai irin da suka ɓace ba tare da wani ya cinye su ba.

Ta uku, akwai wani ɗan ƙaramin jatan lande a tabkin wanda ke cin ruɓaɓɓen abu, ya kuma iya jure ƙarancin iska. Da gansakuka ta yi yawa, furu masu cin abinci ɗaya da shi suka ragu, sai ya yaɗu ƙwarai, shi ne kuwa ya zama abincin 'ya'yan giwan ruwa. Waɗansu masana suna ganin cewa a da furu ne ke danne baƙon, suna cin ƙwansa da ƙananan 'ya'yansa, suna kuma yi musu kishiya wajen abinci. Da gurɓacewar ruwa ta raunana su, jiragen jan taru kuma suka kwashe su a sashen Mwanza cikin shekarun 1970, sai 'ya'yan baƙon suka sami sarari.

Gaskiya ta sa mu faɗa cewa ba dukan masana suka yarda da wannan ba. Waɗansu sun ce jinkirin nan ba abin mamaki ba ne, kifi 'yan kaɗan aka zuba cikin ruwa mai faɗin gaske, dole su ɗauki shekaru kafin su cika shi. Sun kuma ce da giwan ruwa ya cinye masu shara, ai shi ya ƙara wa gansakuka ƙarfi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Har ma da ya ke kifi ne mai kitse wanda ba ya shanyuwa a rana sai an yi bandarsa, an sare itatuwa da yawa a gaɓa da tsibirai sabo da shi, zaizayar ƙasa ta daɗu. Watau ɓarna biyu ce kowace tana ciyad da 'yar'uwarta. Amma shaidar laka ta nuna wadda ta fara.

RESHE YA JUYE DA MUJIYA

Giwan ruwa babban kifi ne mai gudu, yana bukatar iska da yawa, ba shi da haƙurin tarwaɗa ko gaiwa. Sabo da haka ƙazantar da ta buɗe masa ƙofa ita ce kuma ta ke ƙuntata masa. Tun 1984 aka rubuta labarin mutuwar kifi da yawa a lungun tabkin da ke gefen Kisumu. Zurfin da ba iska ya fita daga hannunsa kamar yadda ya fita daga hannun furu. Wata masaniya, Lauren Chapman, da ta yi bincike a ƙaramin Tabkin Nabugabo da ke maƙwabtaka da Biktoriya, ta tarar cewa kifayen asali da suka tsira da yawansu cikin fadamu suka ɓuya, inda iska ta yi ƙarancin da baƙon ba ya iya bin su.

Daga shekarun 1990, da masunta suka rage yawan giwan ruwa, waɗansu irin furu sun sake bayyana. Da masanan Leiden suka auna wani iri daga cikinsu, sai suka ga abin shaƙar iskarsa da ke gefen kai ya fi na kakanninsa faɗi, watau halittar tana ƙoƙarin sabawa da gurɓataccen ruwa. Amma waɗanda suka dawo kaɗan ne daga cikin waɗanda suka tafi. Kifin da ya fi yawa a kamu yanzu shi ne wani ɗan mitsitsi mai kama da azurfa, wanda a ke kira dagaa ko mukene ko omena, a ke shanya shi a rana.

Ƙazanta ta kuma yi wa wata baƙuwa shimfiɗa. Wata irin kainuwa ce mai fure shuɗi-shuɗi, asalinta daga Amurka ta Kudu, an fara ganinta a tabkin wajen 1989, Kogin Kagera yana ta kawo ta. Ta tarad da ruwa cike da taki. Cikin 1998 ta rufe fiye da eka 40,000, ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu, ta hana masunta fita, ta dami ma'aikatar lantarki ta Jinja. Daga 1995 aka fara sakin waɗansu ƙwari masu cinta, waɗanda aka kawo daga waje, ga kuma ruwa da iska mai yawa na 1997 da 1998, sai ta karye. Amma ta sha dawowa gefen Kisumu bayan haka, domin an kashe ganye ne an bar takin da ke ciyad da shi.

RIBA DA HASARA

Kada a ɗauka mutanen bakin tabkin suna la'antar giwan ruwa. Masuntan Tanzaniya har laƙabi suka yi masa da Suwahili, mkombozi, watau mai ceto. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka kakkafa ma'aikatun gyaran kifi a Mwanza da Kisumu da Jinja da Kampala, a kan yanke tsokarsa a kai Turai, ƙasashen uku suna samun miliyoyin daloli. Masunta a tabkin sun kai wajen 200,000, banda masu banda da masu dako da 'yan kasuwa. Akwai kuma wata jakar iska da ke cikin cikinsa wadda a ke busarwa a kai ƙasar Sin, tsadarta ta fi ta tsokar nesa ba kusa ba. Ko da ya ke talaka a Kisumu sau da yawa ƙashin baya da kai ya ke saya bayan an yanke tsoka, duk da haka bakuna da yawa suna ci daga kifin nan.

Wannan arziki ne ƙazanta ke yi wa barazana. Cikin shekarun 1997 zuwa 2000 Tarayyar Turai ta sha hana shigad da kifin tabkin, da fari sabo da ƙwayoyin cuta da annobar kwalara, daga baya, cikin 1999, sabo da labarin masu su da guba. Ma'aikatu suka tsaya, dubban mutane suka zauna ba aiki. Cikin 2016 wani bincike a Mwanza ya sami ɓarɓashin leda da roba a cikin kifi 1 daga kowane 5 da aka fede, giwan ruwa da karfasa. Gansakukar nan mai kore da shuɗi kuma tana fid da dafi mai taɓa hanta, an kuwa same shi cikin ruwan da mutanen gefen Kisumu ke ɗiba. Bayan shekara ta 2000 giwan ruwa ya ragu, manyansa suka yi wuyar samu, waɗansu ma'aikatu suka rufe. Galibi yawan su a ke zargi, kuma lalle yana da hannu. Amma cikin 2008 Jeppe Kolding na Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe da abokan aikinsa suka kawo hujja cewa gurɓacewar ruwan ta fi kalli hatsari ga makomar kifin.

INDA AKA SA ƘARFI

Hukumomi ba su zauna hannu rabbana ba. Cikin 1994 ƙasashen uku suka kafa ƙungiyar kula da sun tabkin, mazauninta a Jinja. Cikin 1997 aka fara wani babban shiri na gyaran tabkin da taimakon Bankin Duniya, daga baya kuma aka kafa hukumar kula da yankin tabkin duka a Kisumu. Aka yi dokar kada a kama giwan ruwan da bai kai inci 20 ba, aka hana kalli mai ƙananan idanu. Cikin 2017 Shugaba Yoweri Museveni na Uganda har soja ya tura kan ruwa, aka ƙone kalli da jirage masu yawa.

Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Amma in aka duba da kyau za a ga ƙarfin hukuma ya fi sauka a kan masunci, domin shi ne a ke gani, shi ne kuma ba shi da mai tsaya masa. Soja ya iya ƙwace kalli, amma ba ya iya kama lambatu. Ga shi kuwa gina wurin tace najasa yana cin kuɗi da yawa, amfaninsa ba ya bayyana sai bayan shekaru, kuma mai zuba ƙazanta sau da yawa yana zaune nesa da wanda ke shan wahalarta. Manomin da ke kan tuddan Ruwanda ko Burundi bai taɓa ganin tabkin ba, amma ƙasar gonarsa tana isa can ta Kagera.

Ba wanda ya isa ya tsame giwan ruwa daga cikin murabba'in mil 26,000, ba kuwa wanda ke so. Irin furun da suka shuɗe sun tafi ke nan har abada. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne ruwan kansa. A ganinmu aiki huɗu ne a gaba. A tace ƙazantar birane da ta ma'aikatu kafin ta isa tabki, doka kuma ta hau kan mai ma'aikata kamar yadda ta ke hawa kan mai kwalekwale. A bar fadamun bakin tabkin yadda su ke, a daina cike su ana gini, gama su ne matatar da Allah ya yi wa ruwan, su ne kuma mafakar sauran kifin asali. A dasa itatuwa a bakin koguna, a tare zaizayar ƙasa. A rage ƙunar daji. Kiwon kifi cikin keji kuma, wanda ke yaɗuwa yanzu, a yi masa iyaka a lungunan da ruwa ba ya motsi, domin ragowar abinci da kashin kifi su ma taki ne.

MU SHAFA WA GEMUNMU RUWA

A ruwayenmu giwan ruwa yana zaune da karfasa da tarwaɗa da kurungu tun fil azal, bai ƙare su ba, domin tare suka tashi, kowa ya san hanyar kauce wa wani. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kifin da ke zaman lafiya a wani ruwa ya kan zama annoba a wani. Sabo da haka duk mai niyyar ɗauko wani irin kifi daga wata ƙasa ya zuba a dam ko kogi, ya tuna da gargaɗin da Graham ya yi aka ƙi ji.

Ta wajen ƙazanta ma ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Baƙuwar kainuwar nan ta shigo ruwayen Ikko ta Badagiri cikin 1984, ta kuma kai Kogin Kwara. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sake yadda ruwa ke gudu, masunta da manoma suka sha wuya. Wanda ya san Kano kuwa ya san launin ruwan Jakara, da abin da ke gangarawa Kogin Challawa daga unguwannin ma'aikatu. Mutanen Biktoriya sun yi wajen shekara 50 suna zuba datti kafin tabkinsu ya nuna musu a fili, sa'an nan kuwa gyara ya riga ya yi tsada. Namu ruwayen ba su kai nasu girma ba, ba za su yi mana haƙurin da nasu ya yi musu ba. Muna roƙon hukumomi da sarakunan ruwa da masu ma'aikatu su dubi wannan al'amari tun kifi yana cikin ruwa da ransa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.